Bara, siyasa da 'yan jarida: daga kasuwar Laranto zuwa titunan Amurka

Sanyin Jos a watan Disamba da Janairu ba ya raga wa kowa, amma kasuwar Katako da ke Laranto ba ta jiran rana ta yi zafi kafin ta buɗe. Masu hatsi na kwance bakin buhu, masu gwanjo na baza rigunan sanyi, injinan 'yan katako sun fara ƙara. Idan motar masara ko ta wake ta tsaya, 'yan dako suka hau saukewa, sai ka ga mata da 'yar tsintsiya da kwano suna bin ƙasa, suna share ƙwayar da ta zube, su sheƙe ta, su ƙulle a gefen zani. Can ga dattijo makaho riƙe da sanda, ɗan jagoransa na gaba riƙe da ɗaya bakin sandar. Ga gurgu a kan allo mai taya, ya sa silifa a hannu yana tura kansa tsakanin ƙafafun mutane. Ga almajirai uku ko huɗu da robobinsu, ƙafa duk faso, suna jiran mai shayi ya rage musu gutsuren burodi.

Ɗan kasuwar da ya daɗe a rumfarsa ba ya yi wa waɗannan mutane kuɗin goro. Ya san makahon da ke zagayowa ranar Juma'a kaɗai, yana ware masa canji tun da safe. Ya san tsangayar da yaran nan suka fito, wani lokaci har malaminsu ya sani. Ya san matar da ba ta taɓa roƙo ba sai da aka kashe mijinta a ƙauye. Ya kuma san lafiyayyen da ke yawo da tsohuwar takardar asibiti shekara da shekaru, wanda shi kam "Allah ya ba da haƙuri" kawai yake samu. Wannan sani na kusa shi ne abin da ke ɓacewa da zarar maganar bara ta bar kasuwa ta shiga gidan gwamnati da ɗakin labarai. A can sai a tattara makaho da maraya da ɗan gudun hijira da ɗan damfara a ƙira su da suna ɗaya, a yanke musu hukunci ɗaya. Yadda hakan ke faruwa ba a Najeriya kaɗai ba ne, kuma babu ƙasar da aka bi diddigin abin kamar Amurka.

A yaƙin neman zaɓen 1976, Ronald Reagan ya riƙa ba taron magoya bayansa labarin wata mata a Chicago da ya ce tana da sunaye 80 da adireshi 30, tana kwasar dala 150,000 a shekara daga tallafin gwamnati. Matar akwai ta, sunanta Linda Taylor, jaridar Chicago Tribune ce ta fara fallasa ta a 1974, kuma lallai 'yar damfara ce. Sai dai kuɗin da kotu ta kama ta da laifin ci bai kai dala 9,000 ba. Bambancin bai dami kowa ba. Mace ɗaya ta zama hoton miliyoyin matalauta a idon masu zaɓe, kuma wannan hoto ya yi ta bin siyasar ƙasar har zuwa 1996, lokacin da Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta taƙaita tallafin iyalai matalauta.

Masana sun zo daga baya sun auna abin. Martin Gilens ya ƙirga hotunan matalauta da manyan mujallun labarai uku na Amurka suka buga tsakanin 1988 da 1992, ya tarar kashi 62 cikin ɗari baƙar fata ne, alhali baƙar fata kashi 29 ne kawai na matalautan ƙasar a lokacin. Shi kuma Shanto Iyengar, a binciken da ya wallafa a 1991, ya nuna wa mutane rahotannin talabijin iri biyu. Waɗanda suka kalli labarin matalauci ɗaya, da fuskarsa da ɗakinsa, sun fi ɗora masa laifin halin da yake ciki. Waɗanda suka kalli rahoton rashin aikin yi a faɗin ƙasa sun fi ɗora alhakin kan hukuma. Wannan sakamako ya kamata ya tsaya wa kowane ɗan jarida a rai, domin mu an koya mana cewa labarin mutum ɗaya shi ke jawo tausayi. Yana jawowa, amma idan aka tsaya a kansa, mai kallo zai tashi yana tambayar me ya hana wannan mutum neman sana'a, ya mance da tambayar ina kuɗin da aka ware dominsa.

A birnin New York, Rudy Giuliani ya ci zaɓen magajin gari a 1993 da alkawarin tsabtace tituna, kuma cikin waɗanda ya fi nunawa da yatsa har da masu goge gilashin mota a danja suna neman na abinci. Hujjarsa ita ce ra'ayin da James Q. Wilson da George Kelling suka rubuta a mujallar The Atlantic a 1982, cewa ƙananan alamun rashin tsari, idan aka ƙyale su, su ke buɗe ƙofar manyan laifuka. Har yau ana jayayya kan gaskiyar wannan ra'ayi, amma ya ba 'yan siyasa abin da suke so: aiki mai arha da ake gani da ido, a ɗauka a hoto, a nuna a labaran dare.

Abin da ya tsaya musu a wuya kotu ce. A shekarar 1993 ɗin, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke dokar jihar New York da ta haramta bara a titi, ta ce roƙon taimako magana ce, kuma kundin tsarin mulki ya kare 'yancin magana. Bayan wani hukuncin Kotun Ƙoli na 2015 kan dokokin da ke bambanta magana bisa abin da ta ƙunsa, dokokin hana bara na birane da dama sun faɗi a kotu. Sai aka sauya dabara, aka koma kan wurin kwana. Ranar 28 ga Yunin 2024, a shari'ar garin Grants Pass na jihar Oregon, alƙalai shida cikin tara na Kotun Ƙoli suka yarda birni na iya hukunta mai kwana a fili ko da ba shi da inda zai je. Wata guda bayan nan gwamnan California, Gavin Newsom, ɗan jam'iyyar Democrat, ya ba da umarnin kwashe tantunan marasa gida, kuma a Yulin 2025 Donald Trump na Republican ya sa hannu a nasa umarnin mai kama da haka. Jam'iyyun da ba su ga maciji sun haɗu a nan. Ƙidayar gwamnatin ƙasar ta Janairun 2024 ta sami mutum fiye da 770,000 ba su da matsuguni, adadi mafi yawa tun da aka fara ƙidayar.

Siyasar Amurka ba baƙuwa ba ce a rumfunan Laranto. An daɗe ana sauraron ta a rediyo tare da shayin safe, har zuwa Maris 2025 da umarnin Trump ya rufe bakin Muryar Amurka, sashen Hausa ma ya yi shiru. Amma abin da ya sa na kawo ta nan shi ne mai karatu ya ga cewa ƙasa mafi arziki a duniya, da kotunanta da jami'o'inta, ta shafe shekara hamsin tana kora da kamu, mutanen kuma suna nan a bakin titi.

Namu tarihin ya fi gajarta, ya kuma fi maimaita kansa. Kano ta yi dokar hana bara a ƙarshen 2013 a zamanin Rabiu Musa Kwankwaso, Hisba ta yi ta kame. A Fabrairun 2020 Abdullahi Umar Ganduje ya sake shelar hana barar almajirai, kamar ba a taɓa yi ba, kuma shugaban Majalisar Malamai ta jihar, Sheikh Ibrahim Khalil, ya fito ya ce ba a yi shirin da zai sa abin ya ɗore ba. A Kaduna, bayan bam ɗin da ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari ta Zariya a Yulin 2015, Nasir El-Rufai ya hana bara da talla a titi saboda tsaro. Mabaratan suka yi gangami, suka kai kukansu ga 'yan jarida, suna tuna wa gwamna cewa su ma sun jefa masa ƙuri'a. Doka ta biyo baya a 2016. A Abuja, ministan birnin Nyesom Wike ya ba mabarata wa'adin 'yan kwanaki a Oktoban 2024 su bar birnin, yana mai cewa abin kunya ne baƙo ya shigo ya fara cin karo da su. Lauyan nan na Kano, Abba Hikima, ya kai ƙara a madadinsu, babbar kotun tarayya ta kori ƙarar a 2025.

A lura da hujjojin: tsaro, tsabtar gari, kunyar baƙi. Duka suna magana ne kan abin da mai wucewa ke ji, ba abin da mai zaune a ƙasa ke ciki ba.

Wanda ya fi shafar Filato kai tsaye shi ne na 2020. Gwamnanta na wancan zamani, Simon Lalong, shi ne shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa lokacin da annobar korona ta shigo, kuma a ƙarƙashinsa gwamnonin suka amince a watan Afrilu a mayar da almajirai jihohinsu na asali. Aka cika motoci da yara ana ta musaya tsakanin Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna da Bauchi da sauransu. Da aka gwada wasu bayan sun isa, aka sami da dama ɗauke da cutar, gwamnoni suka koma zargin juna. Kafafen labarai sun ba mu adadin yaran da aka loda a kowace mota. Abin da aka yi ƙarancin ji shi ne labarin bayan wata shida: yaro nawa aka sa a makaranta, nawa suka tarar da gidan da babu abinci, nawa suka koma tsangayar da aka kwaso su. Duk wanda ya zagaya Bauchi Road ko Gangare ko Unguwar Rogo a Jos a yau zai ba kansa amsa.

Maƙwabtanmu ma sun ɗanɗana. A Maris 2022 wani gidan talabijin na Senegal ya nuna mata da yara 'yan Nijar suna bara a titunan Dakar. Cikin kwanaki gwamnatin Nijar ta tura jirage ta kwaso fiye da mutum 1,000, akasarinsu daga yankunan Kance da Magarya na jihar Damagaram. Rahoto ɗaya ya motsa gwamnati biyu, wanda ke nuna ƙarfin aikin jarida. Amma abin da ya motsa su shi ne zubewar mutuncin ƙasa, ba ƙarancin gona da yunwar da suka kori mutanen daga ƙauyukansu ba.

Sai kuma labarin da editoci ba sa iya ƙyalewa, na mabaracin da aka kama da maƙudan kuɗi. A 2022 jami'an Abuja sun nuna wata mata da suka ce an same ta da naira 500,000 da dala 100, labarin ya zagaye Facebook da WhatsApp cikin yini. Irin wannan labari ba kasafai yake faɗin a shekara nawa aka tara kuɗin ba, ko na adashin mutum nawa ne, ko kuwa mai shi ba shi da asusun banki ne shi ya sa dukiyarsa kaf ke ɗaure a ƙugunsa. 'Yan damfara suna nan, kuma fallasa su aiki ne mai kyau, musamman masu hayar jarirai da masu tura naƙasassu titi suna karɓe abin da suka samu, wanda dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta. Illar ita ce labarin mutum ɗaya yana ba dubban masu wucewa uzurin ɗauke kai daga kowa. Ita ce Linda Taylor tamu, kuma duk shekara sai an samo sabuwa.

A Jos akwai ƙarin haɗari da babu shi a Kano ko Sakkwato. Garin ya ga rikicin 1994, da na Satumbar 2001, da na Nuwambar 2008 wanda ita kanta kasuwar Katako ta ci wuta a cikinsa, da na 2010. Ya ga bama-baman kasuwar Terminus na 20 ga Mayun 2014 da suka kashe aƙalla mutum 118, da harin masallacin 'Yan Taya a azumin 2015. Tun daga nan yaro mai roba a hannu ya daina zama yaro kawai a idon wasu. Ga mai kallonsa daga wancan ɓangaren gari, baƙo ne da aka shigo da shi, ko sojan haya na gobe. Ga mai kallonsa daga wannan ɓangaren, duk wanda ya taɓa maganarsa addini yake nufi da ƙabila. Tsohuwar gardamar ɗan ƙasa da baƙo tana shiga ko'ina. Wannan shi ne abin da Gilens ya gano a Amurka: da zarar an manna wa talauci fuskar wata al'umma, sauran jama'a sai su daina ganinsa a matsayin matsalarsu.

Hoton kuwa bai cika ba. Hare-haren Mangu a 2023, da na jajibirin Kirsimeti a Bokkos da Barkin Ladi a wannan shekarar, waɗanda suka ci rayuka fiye da 150, sun kori dubban manoma daga gidajensu, wasu suka ƙare a hannun dangi da coci-coci a cikin gari. Akwai Fulanin da aka kore musu shanu suka wayi gari ba ko akuya. Akwai gwauraye a kowace unguwa. Ƙofar coci ranar Lahadi tana da masu jira kamar yadda ƙofar babban masallacin Jos take da su ranar Juma'a. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki da yawa, wato tun kafin a cire tallafin mai a Mayun 2023. Su kansu masu bayarwa sun ragu. Naira 10 da naira 20 ba su sayen komai, ɗan kasuwa kuma ya koma karɓar kuɗi ta waya, aljihunsa ba canji.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba na cikin masu yi wa barar yara ado. Yaro ɗan shekara bakwai da ke kwana a zaure a sanyin Jos ba bargo, yana yawon neman ƙanzo gida gida, an zalunce shi, kuma mahaifin da ya kai shi ya juya ba ko kwanon gero yana da kaso mafi girma a zaluncin. Addinin da ake fakewa da shi bai goyi bayan haka ba. Malamai sun sha karantar da cewa hannun da ke bayarwa ya fi mai karɓa, cewa yin itace a sayar ya fi roƙo, kuma roƙo bai halatta ba sai ga wanda larura ta kama. Su kuma suka karantar cewa an hana yi wa mai roƙo tsawa. Mutanenmu suna riƙe da duka biyun, shi ya sa za ka ga mutum ya yi wa bara tofin Allah tsine a majalisa da yamma, da safe ya aika a kai wa almajirai sadakar ƙosai saboda yana da buƙata a wurin Allah. Ƙungiyar Izala, wadda Sheikh Isma'ila Idris ya kafa a nan Jos a 1978, ta nuna ana iya karantar da yaro Alƙur'ani yana kwana gaban uwarsa ta hanyar makarantun Islamiyya. Tsangayu da yawa ma suna da alarammomin da za su so ɗalibansu su daina fita, da akwai mai ciyar da su.

Su kuwa 'yan siyasa, ba su da bakin yi wa kowa wa'azin dogaro da kai muddin ƙofofinsu na cike da 'yan maula da su suka saba musu. Lokacin zaɓe ana neman Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, a raba kekuna da shinkafa a gaban kyamara. Bayan rantsuwa sai motar kame ta zo wa mutanen da aka ɗauki hoto da su.

Abin takaici shi ne Filato ta fi yawancin jihohi sanin hanyar da ke aiki. A Gindiri aka buɗe makarantar makafi ta farko a Najeriya a 1953. Akwai cibiyar koyar da makafi sana'a a Zawan. Jihar ta yi dokar kare haƙƙin naƙasassu tun 2005, shekaru kafin ta tarayya, ta kuma kafa musu hukuma. A Jos ne Ayuba Gufwan, wanda shan inna ya kama tun yana yaro, ya kafa cibiyar Beautiful Gate da ke ƙera kekunan guragu tana rabawa kyauta ga Musulmi da Kirista, kuma a 2024 aka naɗa shi shugaban hukumar masu buƙata ta musamman ta ƙasa. Wanda ya taɓa ganin saurayin da ke jan gindi a ƙasa ya hau irin keken nan, ya ɗaura akwatin katin waya ko na alewa a gaba, ya san tazarar da ke tsakanin bara da sana'a wani lokaci ba ta wuce ƙarfe da taya uku ba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai darasin makarantun tsangaya na zamani 157 da gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina, aka buɗe ta farko a Gagi ta Sakkwato a 2012, da yawansu suka lalace saboda an yi gini ba a tanadi abinci da albashin malamai ba. A 2023 kuma an kafa hukumar ƙasa ta almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta.

Garin da ke da jaridar Nigeria Standard tun 1972, da kwalejin talabijin ta NTA, da gidajen rediyo masu shirye-shiryen Hausa da jama'a ke bugo waya, ba ya rasa masu iya wannan aiki. Zaɓen 2027 na tafe, kuma za a sake jin alkawarin kawar da bara daga tituna. Wakilin da aka gayyata ya ɗauki hoton kame yana iya bin motar ya ga inda ta sauke mutanen, da abin da suka ci a daren, da ranar da aka sake su. Yana iya neman kasafin ma'aikatar mata da walwalar jama'a ta jihar ya duba nawa aka ware wa cibiyar Zawan, nawa aka saki. Yana iya tambayar sabuwar hukumar almajirai ko ta ƙirga tsangayun Jos ta Arewa, da malamansu da ɗalibansu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba shi damar rubuta wa hukumar tarayya wannan tambaya, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa.